Gandu da Bariki: Wasiƙun Sarkin Purushiya zuwa ga Leopold na Dessau

A shekarar 1905 wani masanin tarihi Bajamushe mai suna Otto Krauske ya wallafa tarin wasiƙun da Friedrich Wilhelm na ɗaya, sarkin Purushiya, ya aika wa Leopold, mai mulkin ƙaramar ƙasar Anhalt-Dessau, tun daga 1704, lokacin da mai rubutun yake matashi mai jiran gado, har zuwa 1740, shekarar da ya rasu. Littafin ya fito ne cikin jerin kundayen da ake kira Acta Borussica, waɗanda aka keɓe domin tattara takardun mulkin Purushiya na ƙarni na 18. Duk wanda ya san sunayen mutanen nan biyu zai zaci zancen yaƙi kaɗai zai tarar a ciki, domin ana yi wa na farko laƙabi da Sarkin Soja, na biyun kuma shi ne janar ɗin da ya horar da sojan ƙasa na Purushiya har suka zama abin tsoro a Turai. Zancen soja yana nan da yawa, amma yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da zancen gona, da kuɗin haya, da farashin hatsi, da halin ma'aikatan da aka damƙa wa dukiyar sarauta, kuma wannan cakuɗuwar ita ce ta fi komai bayyana yadda Purushiya ta zama abin da ta zama.

An haifi Leopold a garin Dessau a ranar 3 ga Yuli, 1676, mahaifiyarsa Henriette Catharina kuwa 'yar gidan Orange ce, wato gidan da ke jagorancin ƙasar Holan. Ƙasar da ya gada a bakin kogunan Elbe da Mulde ba ta da girman da za ta riƙe rundunar kanta, saboda haka tun zamanin mahaifinsa gidan ya jingina da maƙwabciyarsa Brandenburg, wadda daga baya, a 1701, mai mulkinta ya naɗa wa kansa kambin sarauta a Königsberg ya zama sarki a Purushiya. Da mahaifin ya rasu a 1693, Leopold ya karɓi jagorancin rundunar da uban yake riƙe wa Brandenburg yana ɗan shekara 17, uwarsa kuma ta riƙe masa mulkin ƙasa har 1698. A shekarar da ya karɓi mulki ne ya nuna irin taurin kan da aka san shi da shi har mutuwa, domin ya auri Anna Luise Föhse, 'yar wani mai haɗa magunguna a Dessau, duk da ƙin amincewar dangi, kuma a 1701 babban sarkin daular Jamus ya ɗaga darajarta zuwa ta gimbiya domin 'ya'yanta su iya gado.

Gyare-gyaren da suka sa sunansa ya shiga tarihin soja ƙanana ne a ido. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta, kamar bindigar toka ta maharba: soja ya yage takardar albarushi da haƙori, ya zuba, ya saka harsashi, sa'an nan ya zaro wata doguwar sanda daga ƙarƙashin bututun ya danna su ciki kafin ya harba. Sandar ta itace ce, kuma a tsakiyar faɗa, hannu na rawa, hayaƙi ya rufe ido, takan karye, bindigar kuma ta zama kulki kawai. A 1698 Leopold ya sa aka ƙera wa rundunarsa sandar ƙarfe, wadda ba ta karyewa, kuma nauyinta yakan tura harsashin da bugu ɗaya ko biyu, daga baya aka ba dukkan sojan ƙasa na Purushiya irinta. Ya kuma dage a kan tafiya da taki ɗaya, wato kowane soja ya ɗaga ƙafa ya sauke tare da na kusa da shi, abin da a yau ake ɗauka ado ne na fareti, alhali a lokacin dabarar yaƙi ce, domin sahun da ke tafiya da taki ɗaya yana iya matsewa, ya juya, ya buɗe, ba tare da ya wargaje ba. Da ɗurin bindiga ya yi sauri, sai aka rage kaurin sahu zuwa layi uku, aka ƙara masa tsawo, ta yadda bindigogi da yawa za su yi magana a lokaci guda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke aiki sai da maimaici na kullum, shekara da shekaru, a filin horo na garin Halle inda rundunarsa take zaune.

Ba a fili kaɗai ya koyi sana'ar ba. A yaƙin gadon sarautar Sifen ya jagoranci sojojin Purushiya a Blenheim a 1704, da Cassano a 1705, da Turin a 1706, ƙarƙashin Yarima Eugen na Savoy, kuma a 1709 ya halarci gumurzun Malplaquet, inda yarima mai jiran gado na Purushiya ma yake. A 1712 aka ba shi muƙamin fil mashal, wanda shi ne ƙololuwar muƙaman soja. Friedrich Wilhelm ya girme masa a sarauta, shi kuma ya girme wa Friedrich Wilhelm da shekara 12 da kuma sanin yaƙi, kuma a kan wannan bambanci biyu aka gina abotarsu.

Shi kansa Friedrich Wilhelm, wanda aka haifa a 1688, ya fara sanin mulki ne ta hanyar gona. Yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya ba shi gandun Wusterhausen da ke kudu maso gabashin Berlin, kuma tun yana yaro yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da hannunsa. Ya tashi yana kallon fadar mahaifinsa tana cinye dukiya a bukukuwa da gine-gine alhali baitulmali na cikin bashi, saboda haka da ya hau gado a Fabrairun 1713 ya rage albashin fadawa, ya sallami da yawa daga cikinsu, ya sayar da dawakai da kayan ƙawa. Mutane sun zaci Leopold zai zama mai juya sabon sarki, amma sarkin ya sa aka sanar da shi tun da wuri cewa shi da kansa zai zama ministan kuɗi da kuma babban kwamandan sarkin Purushiya. Ya riƙe wannan matsayi har ƙarshe: yana neman shawarar Leopold, yana girmama shi, yana aika masa da kyautar farauta, amma bai taɓa miƙa masa ragamar siyasa ba, kuma a harkar ƙasashen waje ya fi sauraron Friedrich Wilhelm von Grumbkow, wanda shi da Leopold ba sa ga maciji.

Domin a gane nauyin zancen gona a wasiƙun, dole a san inda kuɗin Purushiya yake fitowa. Hanya ta farko ita ce haraji, wato kuɗin ƙasa da manoma ke biya a karkara da kuma harajin kaya da ake karɓa a ƙofofin birane, kuma wata hukuma ta yaƙi ce ke tara shi domin ciyar da soja. Hanya ta biyu ita ce gandayen sarki, wato gonaki da dazuzzuka da injinan niƙa da wuraren dafa giya da na gishiri waɗanda mallakar gidan sarauta ne kai tsaye, suna da yawan gaske musamman a Purushiya ta Gabas, kuma zuwa ƙarshen mulkin Friedrich Wilhelm suna kawo kusan rabin kuɗin shigar ƙasa. A zamanin mahaifinsa an fara bayar da waɗannan gandaye haya ta gado, wadda mai haya ke bar wa 'ya'yansa, abin da ke kawo kuɗi nan take amma yake fitar da ƙasar daga hannun sarki a hankali. A watan Agustan 1713 Friedrich Wilhelm ya kafa doka cewa gandun sarauta ba ya sayuwa ba ya kyautuwa, ya kuma koma ga haya ta wa'adi, yawanci shekara shida.

Tsarin hayar yana da ban sha'awa idan aka dube shi kusa. Kafin a ba da gandu, ma'aikatan sarki za su auna kowace gona, su ƙiyasta abin da za ta bayar gwargwadon irin da aka shuka, su ƙidaya shanu da tumaki, su lissafa kwanakin aikin da manoman ƙauyukan gandun ke bin sarki bashi, su haɗa da abin da injin niƙa da gidan giya ke kawowa, sa'an nan su yanke adadin da mai haya zai biya kowace shekara. Mai hayar, wanda galibi talaka ne mai jari ba ɗan sarauta ba, zai ajiye jingina, ya karɓi gandun gaba ɗaya, abin da ya samu sama da ƙiyasin nasa ne, abin da ya gaza kuma daga aljihunsa. Bayan shekara shida a sake aunawa, kuma idan ya inganta gonar sai a ɗaga kuɗin. Da wannan tsari sarki ya san tun farkon shekara nawa zai samu, ya kuma san bataliya nawa zai iya biya. Irin wannan lissafi ne yake kai wa Leopold, domin ya san yana magana da wanda ya fi shi iya shi.

Leopold ya riga ya gwada abin a gidansa, kuma da hannu mai nauyi. A Anhalt-Dessau ya bi masu gonaki na gidajen sarauta ɗaya bayan ɗaya yana saye filayensu, wani da yarda wani da matsi, har ya zama kusan shi kaɗai ne babban mai ƙasa a cikin ƙasarsa. Ya gina ganuwar ƙasa a bakin Elbe da Mulde domin tare ambaliya, ya haƙa magudanan da suka tsotse fadamu, ciki har da wanda ake kira Kapengraben, ya kafa sababbin ƙauyuka da gonaki a inda dā ruwa ke kwance. Ya karɓi ƙasa mai bashi ya mayar da ita mai rara, kuma a idon sarkin Purushiya wannan nasara ba ta gaza ta Turin ba.

Inda aka fi bukatar wannan gwaninta shi ne Purushiya ta Gabas. Daga 1709 zuwa 1711 annoba da yunwa sun kashe kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen lardin, ɓarnar kuma ta fi tsanani a gabashinsa, yankin da ake kira Lituweniyar Purushiya, inda dubban gidajen gona suka zama kufai. Sarkin ya ɗauki farfaɗo da yankin a matsayin babban aikin rayuwarsa: ya sa aka sake auna ƙasa domin a daidaita haraji bisa kyawun gona, ya kawo baƙi daga Suwizalan da Nassau da Pfalz da wasu sassan Jamus, ya ba su iri da shanun noma da katakon gini da sauƙin haraji na wasu shekaru, ya mayar da Gumbinnen birni a 1724. A 1721 ya tafi rangadin lardin tare da Leopold, kuma da ƙarfafawarsa Leopold ya sayi gandayen Bubainen da Norkitten a bakin kogin Pregel kusa da Insterburg, ya ci gaba da ƙara saye har suka zama yanki guda mai faɗi. Manufar sarkin a fili take: yana son a samu gona abar koyi a tsakiyar kufai, wadda ma'aikatansa za su gani su ji kunya. Leopold ya kawo manoma da masu kula daga ƙasarsa, ya gyara magudanai, ya gina babban injin niƙa a Bubainen, kuma ba da daɗewa ba gandayen suka fara biyan kansu.

Gandayen sarki kuwa ba su yi saurin haka ba, kuma a nan ne wasiƙun suka fi taɓa zuciya. Sarkin yana rubutu da wani Jamusanci mai kaushi, cike da kalmomin Faransanci da kurakuran rubutu, ba ado ba kwalliya, yana tsalle daga zancen ciwon gaɓoɓinsa zuwa na wani dogon kurtu da aka samo masa, daga nan zuwa na barewar da ya harba, sa'an nan ya faɗa kan ma'aikatan da yake zargi da lalaci ko sata. A shekarun da amfanin gona ya lalace a gabas, musamman wajen 1727, ya kai ga gaya wa abokinsa cewa ya gaji da lardin, yana jin kunyar dukiyar da ya zuba a ciki ba tare da ya ga amfani ba. Wani ɓangare na laifin nasa ne, domin ya ɗauka abin da ya yi kyau a ƙasar Magdeburg mai albarka zai yi kyau ko'ina, ya tilasta wa manoma su bar garmarsu ta gargajiya mai sauƙi su ɗauki garmar Jamus mai nauyi, ba tare da ya yi la'akari da bambancin ƙasa da gajartar damina a gabas ba. Abin yabo a gare shi shi ne bai janye ba. A 1732, da babban limamin Katolika mai mulkin Salzburg ya kori mabiya ɗariƙar Furotesta daga ƙasarsa, Friedrich Wilhelm ya karɓi kusan 20,000 daga cikinsu, aka zaunar da mafi yawansu a Purushiya ta Gabas, kuma a shekarar ce ya kafa gidan kiwon dawakai na Trakehnen, wanda irin dokinsa ya shahara har yau.

Matsalar gandu ce kuma ta haifar da babban gyaran mulki na zamanin. Hukumar gandaye da hukumar harajin yaƙi sun daɗe suna karo da juna, domin idan mai hayar gandu ya dafa giya ya sayar a ƙauye, harajin ƙofar birni ya ragu, idan kuma hukumar haraji ta hana shi, kuɗin haya ya ragu, har takan kai su gaban alƙali, kowace tana kashe kuɗin sarki domin ta ka da ɗaya hukumar ta sarki. Leopold yana cikin waɗanda suka ba da shawarar a haɗe su. A Disambar 1722 sarkin ya keɓe kansa a gidan farauta na Schönebeck ya rubuta ƙa'idojin sabuwar hukuma, kuma a Janairun 1723 aka kafa ta, ana kiranta Babbar Hukumar Kuɗi da Yaƙi da Gandaye, da rassa a kowane lardi. Sunan kansa ya isa shaida cewa a tunanin sarkin gona da bariki asusu ɗaya ne. A 1727 ya kafa kujerun koyar da ilmin tattalin dukiyar sarauta a jami'o'in Halle da Frankfurt ta bakin Oder, kuma da ɗansa Friedrich ya yi yunƙurin gudu a 1730, bayan ɗauri da kashe abokinsa Katte a gabansa, hukuncin da ya biyo baya shi ne a zaunar da shi a ofishin yaƙi da gandaye na Küstrin ya koyi ƙiyasin haya.

A fagen yaƙi sarkin bai yi amfani da rundunarsa sosai ba. Babbar fitarta ita ce ta 1715 a kan Suwidin, inda Leopold ya sauke sojojin ƙawance a tsibirin Rügen, ya sa su haƙa ramuka su kafa shinge tun kafin su huta, ta yadda da Sarki Karl na 12 na Suwidin ya kawo hari cikin duhun asubar 16 ga Nuwamba a Stresow ya tarar da su a shirye, aka kore shi. Stralsund ta faɗi a watan Disamba, kuma sulhun 1720 ya ba Purushiya tashar jiragen ruwa ta Stettin. Sauran shekarun galibi na horo ne da tari. Runduna ta tashi daga kimanin 40,000 zuwa kimanin 80,000, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu da rabi ba, kuma a 1733 aka raba ƙasar gunduma gunduma, kowace runduna da inda za ta ɗebi kurata. Tsarin ya sake ɗaure gona da bariki, domin ɗan manomi yakan yi horonsa, sa'an nan a sake shi ya koma gona mafi yawan shekara, a kira shi wata biyu ko uku domin atisaye, kuma sau da yawa hafsan da ke ba shi umarni ɗan gidan da ke da gonar da ubansa ke yi wa aiki ne.

Bai kamata kyawun lissafin ya rufe ido daga wanda ya biya kuɗinsa ba. Horon da ya sa sahu yake tafiya kamar mutum ɗaya da sanda aka dasa shi, kuma sojan da ya yi laifi akan sa shi ya ratsa tsakanin layi biyu na 'yan uwansa suna tsula masa tsumagiya a gadon baya, wani lokaci har ya mutu. Masu ɗaukar kurata suna kama samari da ƙarfi ko da yaudara, a cikin ƙasa da wajenta, kuma a Halle an sha yin rikici tsakanin sojojin Leopold da ɗaliban jami'a a kan haka. Kimanin sojoji 30,000 ne suka gudu daga aiki a tsawon mulkin sarkin. Manomin gandu kuma, ko da yake sarki yana kare shi daga a ƙwace masa gona, yana kare shi ne domin shi ne mai biyan haraji kuma uban kurtu, aikin tilas na kwanaki a gonar mai haya bai sauka daga wuyansa ba. A cikin wasiƙun ana ƙidaya waɗannan mutane tare da shanu da buhunan hatsi, kuma ba a jin muryarsu.

Friedrich Wilhelm ya rasu a Potsdam a ranar 31 ga Mayu, 1740, ya bar wa ɗansa rundunar da kuma kuɗi kimanin taler miliyan 8 a ajiye. Kafin shekarar ta ƙare ɗan nasa, Friedrich na biyu, ya shiga Silesiya ta Ostiriya, kuma a Mollwitz a Afrilun 1741, bayan an tarwatsa sojan dokinsa har shi kansa ya bar fagen, sojan ƙasa ne suka tsaya suka yi ta harbi da tsarin da aka koya musu har Ostiriya ta ja da baya. Sabon sarkin bai ɗauki Leopold da muhimmancin da mahaifinsa ya ɗauke shi ba, yana ganinsa tsoho mai nawa, kuma a Disambar 1745 ya aika masa da wasiƙu masu zafi yana tuhumarsa da jan ƙafa. A ranar 15 ga watan, yana da shekara 69, watanni bayan rasuwar Anna Luise, Leopold ya tura dakarunsa su hau tudun Kesselsdorf mai ƙanƙara a gaban igwogin Saksoni, ya ci nasarar da ta buɗe ƙofar Dresden, aka sa hannu a kan sulhu a ranar 25 ga watan. Bai sake fita yaƙi ba, ya rasu a Dessau a Afrilun 1747. Gidan da ya gina a Bubainen sojojin Rasha sun ƙone shi a 1757, shekarar da aka gwabza a Gross-Jägersdorf kusa da Norkitten, amma gandayen sun ci gaba da zama a hannun zuriyarsa har 1945, lokacin da arewacin Purushiya ta Gabas ya koma hannun Tarayyar Sobiyet.